Darar da ke cikin faifai

Mahbuba tana koyar da kwamfuta a wata ƙaramar cibiya a unguwar Takur da ke Dutse, a shekarar da aka fara aiki da shari'ar Musulunci. Yayanta Abdurrahim kuwa yana aiki a Ringim, shi ma ya ɗan iya rubuta manhaja. Tun suna yara suke dara, kuma bai taɓa yarda ta cinye shi ba.

Da ta koyi Java, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, sai ta rubuta manhajar dara. Matsalar ita ce da an kashe kwamfuta, wasan ya tafi. Ta yi ta bincike har ta gano yadda ake ɗaukar wasan ɗungurungum, da ramukansa da 'ya'yansa da wanda ke da bugu, a zuba shi cikin fayil, sannan a tashe shi a wata kwamfutar yadda aka bar shi. Daga nan suka fara: ta buga, ta adana a faifan fulofi, ta ba direban motar Ringim, shi ma ya buga ya dawo da shi.

Tana gab da cinye shi sai ya zo Dutse da kansa, da faifan a aljihu.

"Ya ƙi buɗewa," in ji shi. "Na ɗan ƙara wa manhajar gurbin sunan ɗan wasa, shi ke nan ta ce ba ta san fayil ɗin ba. Mu sake daga farko kawai."

"Wallahi Yaya, ba za mu sake ba."

"To ai ya lalace."

"Bai lalace ba. Ka canza fasalin abin ne, lambar shaidarsa ta canza, shi ya sa sabuwar manhajar ta ƙi karɓarsa."

Ta jawo kujera ta zauna. Ta nemo lambar tsohon fasalin, ta rubuta ta a cikin sabuwar manhajar, ta sake haɗa ta. Yana tsaye a kanta yana cewa ɓata lokaci ne. Ba ta ko ɗago ba.

Ta danna. Wasan ya bayyana, kowane ɗa a raminsa, gurbin suna kawai ne babu komai.

Abdurrahim ya sunkuyo ya dubi allon.

"Bugun wa ne?"

"Naka ne, Yaya. Zauna."

Ya zauna yana ƙunƙuni, ya buga. Kafin a kira la'asar ta cinye shi.