Hannun Mani a Kan Sitiyari

Tun da damina ta kankama Mani ya daina cin abinci a gaban mutane. Direban akori-kura ne, yana jigilar hatsi daga Daudawa zuwa kasuwar Ƙanƙara, kuma akwai abin da yake ɓoyewa: hannunsa ya fara rawa. Da zarar ya taka birki a gangara, sai hannayen su kama karkarwa a kan sitiyari har kafaɗa.

Ya san wannan ciwon. Shi ya zaunar da mahaifinsa, manomin da a da ba a shan gabansa a gona, har ya koma sai an riƙe masa kofi. Kuma shi ma tsohon a bakin aiki abin ya fara masa. To wa zai ba mai karkarwa kayansa, balle ransa? Tsoro ya cika Mani, ko matarsa Lauratu bai gaya wa ba. Wani zai ce ai sai ya lura a mota kaɗai abin ke zuwa. Ya lura mana! Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Ran nan birkin ya fara ƙara, dole ya kai motar wurin Ubale bakanike, wani ƙato mai tumbi da ba ya taɓa mota sai ya tuƙa ta da kansa.

"Kawo makulli mu zaga in ji ta," in ji Ubale.

Mani ya zauna gefe, ya cusa hannuwa tsakanin cinyoyi. Suka hau titi, Ubale ya ba ta wuta, sannan ya taka birki. Sai ga hannun ƙato yana rawa, har tumbi ya ɗauka.

Mani ya zaro ido. "Ubale, kai ma?"

"Ni ma mi?"

"Hannunka!"

"Hannuna ko motarka? Faifan birki ne ya lanƙwashe. Kai da kake cikinta kullum ba ka ji ba?"



A gareji Ubale ya ɗaga motar da jak, ya cire tayar gaba, ya nuna masa faifan ƙarfen da birki ke damƙa. Ya juya shi, sai ga shi yana tangaɗi kamar murfin tukunyar da aka taka.

"Ka sauko da lodi, ƙarfe ya yi zafi, ka faɗa rafi da shi. Ƙarya nake?"

Ba ƙarya yake ba, tun farkon damina haka Mani ke yi a mashigin ruwan hanyarsu. Ubale ya kwance fayafayan gaba duka biyun, ya goge tsatsar mazauninsu, ya ɗaura sababbi, yana ta mita a kan direbobin yanzu. Mani bai taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba.

Da la'asar ya ɗauki 'yan kasuwa zuwa gida. A gangarar farko ya yi bisimilla ya taka birki. Sitiyari shiru, hannu shiru. Ya sake takawa. Ko a miƙaƙƙiyar hanya bai bari ba, fasinjoji sai gware suke a baya.

Wata tsohuwa ta bubbuga rufin motar. "Kai yaro! Awaki kake gani ko mi?"

"Yi haƙuri, Hajiya!" Dariya yake, hawaye na bin kumatunsa. Ya share da bayan hannu, ya sake takawa.