Sheƙar Tsattsewa a Kan Iyaka

Clifford na kan tsani yana dirzar farin allon robar da ke ƙarƙashin indararo, Misis Ackroyd kuwa na ƙasa da kofin shayinta, tana koya masa sana'ar da ya yi furfura a cikinta.

"Can hagu, Clifford. Ko tabaran naka na ado ne?"

Ya gani sarai. Baƙin zanen ruwan sama ya fita, gansakuka ta fita, tsatsar ƙusa ma ta haƙura bayan ta sha magani. Abin da ya ƙi soso shi ne kashin tsuntsun da rana ta gasa a jikin robar. A samansa kuma ga sheƙar laka ta tsattsewa, 'ya'ya a ciki sun wage baki.

"Ran Asabar za a ɗauki hoton 'yata da angonta a ƙofar nan," in ji ta. "Ka tsokale min wannan ƙazantar."

"Akwai 'ya'ya a ciki, Misis Ackroyd. Doka ma ta hana."

"Dokar na gayyata bikin?"

Matar nan ita ce shugabar kwamitin unguwa, kuma daga wannan layin Clifford yake cin abinci. Mai wankin tagar da ya taɓa ce mata a'a, yanzu sai dai a hango shi yana wucewa a bas. Amma ya sa sanda ya zubo waɗannan 'ya'yan a kan siminti? Ransa ya ƙi, ƙememe.

Gidan irin tagwayen nan ne, rufi ɗaya, ƙofa biyu. Ɗaya ƙofar ta Harold Sugden ce, tsohon da suka yi shari'a da ita a kan taƙi ɗaya na shingen lambu. Ta ci shari'ar, kuma tun ranar ko gaisuwar Kirsimeti ba ta ƙara haɗa su ba. Da safen nan ma sai da ta ja wa Clifford kunne, kada ko kumfar sabulunta ta tsallaka rabin mutumin.

Clifford ya dubi sheƙar. A ɓangaren Misis Ackroyd take, ba ko tantama, da kamar taƙi guda. Ya zaro abin awo daga aljihu, ya ja nan, ya ja can, yana motsa leɓe kamar mai lissafin gaske.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe ba a gidanki take ba. Iyaka a nan ta tsaya. Ta Sugden ce."

Misis Ackroyd ta ajiye kofin a kan dakali. Ta ja da baya har bakin titi, ta kare ido da hannu. Sannu a hankali fuskarta ta washe, irin washewar da ko maganar bikin ba ta jawo ba.

"Kashin ma nasa ne?"

"Duka."

"To kada ka kuskura ka taɓa. Ni ba baiwar kowa ba ce da zan wanke masa gida. Mai hoto ma zan ce ya ɗan ja baya, kowa ya ga yadda wasu ke rayuwa."

Clifford ya goge nata rabin ya yi fari tas, ya tsayar da aikin cak a gefen sheƙar, layi miƙaƙƙe kamar an sa wuƙa. Ta ba shi shayi har da biskit, abin da bai taɓa gani ba a gidan.

Yana ɗaure tsani a kan motarsa sai ga Sugden ya fito zubar da shara. Tsohon ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufin, sannan ya matso ya rage murya.

"Taƙin nan da ka ba ni, lauyana ma ya kasa ƙwato shi."

Clifford ya ƙara ɗaure igiyar.

"Ka dai riƙe shi da kyau," ya ce. "Akwai 'yan haya a ciki."