Jan Alƙalamin Malam Datti

A shekarar fari, rijiyar unguwar su Hure a Gafasa ta ƙafe tun kafin bazara ta yi nisa. Hure dattijuwa ce, mijinta ya rasu ya bar mata ragowar garke. Masu haƙar rijiya na gwamnati suna zaga ƙauyuka da simintinsu, amma ba sa zuwa sai an rubuta takardar roƙo, ofis ya sa hannu.

Liman Hamma ya rubuta mata da ajami, ta bi motar kasuwa zuwa Gaya.

Akawun da ke karɓar takardu, Malam Datti, ya koyi aiki a hannun wani Bature da ke cewa tsarin rubutu shi ke riƙe da hukuma. Baturen ya daɗe da komawa ƙasarsu, dokarsa kuwa tana nan daram, ba wanda ya taɓa tambayar me ta riƙe.

Datti ya juya takardar, ya miƙo mata.

"Inna, wannan sai a zauren liman. Nan boko ake yi."

"Ɗan nan, ƙishirwa ma da boko ta zo mana?"

"Ni dai aikina ke nan."

Ta koma ta sami Kabo, ɗan ƙanwarta, malamin firamare, ya rubuta da boko. Kafin kasuwa ta zagayo, maruƙanta biyu sun mutu a hanyar tafkin da ya koma laka.

Wannan karon Datti ya karanta har ƙarshe, sannan ya ɗauki jan alƙalami yana zagaye wurare. Muƙamin shugaban ofis an fara shi da ƙaramin baƙi. Babu waƙafi bayan adireshi, babu aya bayan kwanan wata. Kan magana kuma ba a sa shi da manyan baƙaƙe ba.

"Amma ka gane abin da muke roƙo?" in ji Hure.

"Sarai. Rijiya."

"To gyara mana, tunda alƙalamin yana hannunka."

"Akawu ba ya gyara takardar mai roƙo, Inna. In na gyara ta zama tawa. A sake sabuwa."

"Mahaifiyarka tana raye?"

"Tana Kademi."

"Da manyan baƙaƙe kake gaishe ta?"

Masinjan ofis ya tuntsire da dariya. Datti ya turo mata takardar.

Kabo ya sake rubutawa, yana bin jan zanen ɗaya bayan ɗaya. Sai da Hure ta jira wata ranar kasuwa, don ba kullum ake samun mota ba. Shanunta kuwa suna ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Datti ya duba, ya gyaɗa kai, har ya nuna wa abokan aikinsa. "Kun ga takarda." Ya buga hatimi.

"Yaushe za su zo?"

"Ai masu haƙa sun gama da ɓangarenku makon jiya. Sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Da ta isa gida ta tarar da saniyarta ta ƙarshe kwance, wuya a miƙe, harshe waje. Maƙwabta sun kewaye ta, ba wanda ya yarda ya yanke hukunci mai ita ba ta nan. Liman Hamma yana tsaye da wuƙa.

"Hure, in muka ƙara jinkiri mushe za ta zama."

Ta durƙusa, ta juya kan saniyar gabas, ta danne ƙahon da hannu biyu.

"Bismillah, Malam."