Ƙunshin Kayan Jesse

Tun da aka ɗauki Jesse aikin sojan ruwa, ana saura kaɗan a sami mulkin kai, uwarsa Liatu ba ta ƙara cin tuwo ta ƙoshi ba. Yaron da iyakar ruwan da ya sani shi ne rafin Zungur, wai shi za a ɗora a kan teku a Ikko.

Mijinta Elias ne ya je ofishin Joji, Baturen mulki, aka karanta wa iyaye dokokin horon. Ya dawo mata da abin da kansa ya riƙe: ba ziyara, ba hutu, ba aike, sai horo ya ƙare bayan kaka. Sauran kuwa, in ji shi, surutun tafinta ne. Daga nan ya koma aikin shimfiɗa layin dogo wajen Jos, ya bar ta da zullumi.

Ana tsakiyar damina Babayo direba ya tsayar da lorinsa a ƙofar gida, ya sauke wani ƙunshi. Ya ce a tashar Jos aka ba shi, daga barikin sojan ruwa, ba a haɗa shi da ko kalma ɗaya ba. Liatu na ganin zanen da aka ɗaure kayan ta gane shi, don ita ta ba Jesse ranar tafiya.

A ƙauyensu na asali, can kudu, kayan mutum ba sa dawowa gida su kaɗai sai in mai su ya mutu a baƙon wuri. Kuma uwa ba ta taɓa su sai dattawa sun zo sun kwance. Roda maƙwabciyarta, wadda hawaye ba ya mata wuya, tuni ta ɗora hannu a ka. Mata suka cika tsakar gida, har an fara neman wanda zai hau keke ya kai labari ƙauye.

Tsoro ya cika Liatu, amma jiran dattawa ya fi ƙarfinta. Ta durƙusa ta kama ƙullin.

"Yaya Liatu, kada ki taɓa," in ji Roda. "Ba a yi."

Ta kwance abinta. Ga wandonsa, ga takalman faɗe, ga rigar zuwa coci a sama, an naɗe ta a bai-bai, ɗinki a waje, hannu ɗaya a cuse cikin wuya. Tun yana ƙarami take masa faɗa a kan wannan mugun naɗi, har dunguri ya sha, bai daina ba. Ta ɗaga riga ta biyu, haka take. Ta uku ma haka.

"A dakatar da mai keken," in ji Liatu. "Shi ya naɗe su da hannunsa. Duk duniya ba mai wannan ƙazamin naɗi sai ɗana."

Sai da Elias ya zo ƙarshen mako ya tuna, yana sosa ƙeya, cewa tafinta ya faɗa: ranar da aka ba ɗan horo kaki, ake mayar da kayan gida ga iyayensa. Ta yi masa kallon da bai ƙara magana ba ranar.

Roda ta miƙa hannu za ta juya rigar daidai kafin a sa a akwati. Liatu ta riƙe mata hannu.

"Bar ta haka. In ya dawo da kaka, ina da faɗan da zan yi masa."