Kofin Mata a Hannun Mai Gemu

Tun ranar Laraba da ɗana Dogo ya ture kwanon abincinsa ya miƙe bai ce uffan ba, na gaya wa uwarsu cewa Lahadi ba za ta wuce lafiya ba. Ta ce in daina mugun fata. Ba mugun fata ba ne. Ni na haife shi, na san halinsa. In yana masifa ba na damuwa, sai in ya yi shiru ne nake sa masa ido.

Ni kafinta ne, kuma 'ya'yana biyu: Dogo mai walda, da ƙanwarsa Auta da ke aikin jinya a wani ƙaramin asibiti. Auta ce ta shiga ƙungiyar masu gudun safe. Ba 'yan wasa ba ne, mutane ne masu sana'arsu, akwai direba, akwai malamin makaranta, akwai wanda likita ya ce ya rage tumbi. Da farko bin ta nake yi a keke saboda tsoron motoci da karnuka, har 'yan ƙungiyar suka sa mini suna Ɗan Rakiya. Daga baya keken ya daina cim mata, na haƙura.

A tseren titi da aka yi kwanaki kaɗan kafin Larabar nan, ina tsaye bakin igiyar ƙarshen tsere lokacin da ta shigo. Babu macen da ta riga ta, da idona na gani. Amma ruwan sama ya tarwatsa taro, masu shirya tseren suka ce za su sa sakamako a waya, kofuna kuma a aika wa kowace ƙungiya nata.

Da sakamakon ya fito, sai ga Auta ta biyu. Ta ɗaya wai matar Mai Kemis ce, wani ɗan ƙungiyar mai shagon magani a bakin kasuwa. Matar nan tsohon ciki ne da ita, ko matakalar shagon mijinta sai an kama mata hannu.

Ranar Laraba hotuna suka fito, magana ta fito fili. Ga lambar tseren matar a ƙirjin Mai Kemis, da gemunsa da komai, yana ɗaga hannu. Ashe bai yi rajista a kan lokaci ba, ya ɗauki tata da ta yanka tun kafin cikin ya tsufa. Auta ta ce aron lamba ba baƙon abu ba ne a wurinsu, amma akwai ƙa'ida: in ka ari ta wani, sai ka ɓare ɗan abin da ke manne a bayanta wanda na'ura ke karantawa, don kada ka ci haƙƙin kowa. Shi bai ɓare ba.

Da haƙuri ya bayar, da maganar ta mutu a nan. Sai ya rubuta a zauren ƙungiyar na waya cewa kofi dai ya shigo gida, mai jin haushi ya ƙara gudu. Wani ƙaninsa kuma ya ɗauki hoton Auta tana haki a ƙarshen tsere, baki buɗe, ya rubuta a ƙasa: "An ba ta rata, mai ciki ta wuce ta." Hoton ya zaga gari har ya isa wayar Dogo.

Na je wurin Ciyaman, shugabansu, wani tsohon ma'aikacin gidan ruwa. Ya ce in kwantar da hankalina, ranar Lahadi zai gyara komai a gaban kowa. Na dawo na zaunar da Dogo.

"Babu ruwanka da wannan magana. Ka ji ni?"

"Na ji, Baba."

"Dube ni ka faɗa."

Ya dube ni ya faɗa. Ban yarda ba. Ranar Lahadi da asuba na zare makullin babur ɗinsa daga ƙusa na sa a aljihu, na bi Auta.

A wurin wankin motar wani ɗan ƙungiyar suke taruwa bayan gudu. Siminti ne ko'ina, da rami mai gefen kankare inda ake hawa da mota, da bencina biyu da ni na yi musu. Al'adarsu, duk wanda ya samo lambar yabo sai ya rataye ta a wayar da ake shanya tsummoki, Ciyaman ya karanta sunaye, a tafa, a yi wa na ƙarshe tsiya. Ranar ma haka aka fara. Da aka zo kan Tumbi, direban da ya shigo bayan an kwashe igiya, wani ya ce ai shi ya taimaka wa masu shara, aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Idona yana kan samari biyu da suka jingina da bango cikin wandon jins da takalma masu nauyi. Ƙannen Mai Kemis ne, kuma ba gudu suka zo yi ba.

Kofin yana kan teburin roba. Siffar mai gudu ce ta ƙarfe, a kan gindin dutse baƙi.

Ciyaman ya gyara murya ya ce, "Mai Kemis, kai babba ne. Kofin nan na yarinyar nan ne. Miƙa mata da hannunka, ka ce ta yi haƙuri, mu tashi."

Mai Kemis ya ɗauki kofin ya juya shi. "Ranka ya daɗe, sunan wa ke jiki? Na iyalina ne. In kai wa maiɗakina me, labari?"

"Ka kai mata gemunka, ai shi ya ci tseren," in ji Tumbi.

Aka yi dariya, fuskar Mai Kemis ta canza. Na lura dariyar ce ta fi ƙona shi. Ya nuna Auta da kofin. "Yarinyar da sai ubanta ya bi ta a keke kamar akuya? Ta je ta koyi gudu tukuna."

Auta ta miƙe. "Ciyaman, a bar masa. Ba na so. Baba, mu tafi."

Ta je wurin wayar shanya ta cire lambar yabonta ta rataya a wuya. Za ta wuce, ƙaramin ƙanin, wanda ya yi hoton, ya sa yatsa ya kamo igiyar lambar ta baya ya fizga. "Tsaya mana, ta biyu, mu ɗauki wani hoton." Igiyar ta shaƙe ta, ta yi baya, ƙafarta ta zame a ruwan sabulu, ta faɗi zaune tana tari.

Ban ga shigowar Dogo ba. A ƙafa ya zo, rigarsa jiƙe da gumi. Abin da na gani kawai shi ne yaron nan ya tashi sama ya faɗa kan bokitai. Kafin ya miƙe Dogo ya bi shi ya danne, yana kai masa naushi a fuska, ɗaya bayan ɗaya. Hancin yaron ya fashe. Babban ƙanin ya zari ƙarfen kwance taya ya maka wa Dogo a gadon baya, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Dogo ya juyo ya rungume shi, suka yi karo da teburin, ƙafar teburin ta karye. Mata suna ihu. Wani ya ja tiyon ruwa yana fesa musu kamar masu raba karnuka, abin da ya ƙara wa simintin santsi ke nan. Tumbi ya shiga rabiya aka fasa masa gira, shi ma ya fara duka. Kan ka ce kwabo mutanen da suka yi shekaru suna gudu tare, suna raba ruwa a gora ɗaya, sun kasu biyu suna jifan juna da benci.

Na kutsa ciki ina kiran sunansa. "Dogo! Don girman Allah! Dogo, ni ne!" Na samu na kama shi ta ƙugu ina jan shi baya. Wallahi ya fara biyo ni, na ji jikinsa ya saki. Da an ba ni ɗan lokaci kaɗan, da na fitar da shi titi.

Sai Mai Kemis ya taho ta gefe da kofin a hannu. Ina jin Dogo ya so ya buga wa, amma ni ne a tsakani. Gindin dutsen ya same ni a baki. Na ji wani abu ya karye, bakina ya cika da gishiri, na durƙusa. Da na tofar, sai ga haƙora biyu a cikin jinin. Kofin ya suɓuce masa ya faɗi kusa da gwiwata.

Dogo ya dube ni. Na ɗaga hannu ina so in ce ba komai, jini ya hana maganar fita. Ya sunkuya ya ɗauki kofin.

Mai Kemis ya ja da baya yana cewa, "Tsaya, tsaya, ba shi na nufa ba." Sau ɗaya Dogo ya buga masa, a gefen kai. Mutumin ya tafi da baya gaba ɗayansa, ƙeyarsa ta daki gefen kankaren ramin. Ƙarar ba ta da yawa, amma kowa ya ji ta, kowa ya tsaya. Ƙafarsa ɗaya ta yi shure-shure ta daina. Jini ya fito ta kunnensa ya bi ruwan sabulu zuwa magudana, tiyon yana ta zuba babu wanda ya tuna ya kashe.

Auta ce ta fara motsi. Ta rarrafa ta riƙe kansa da hannu biyu, ta daka wa ƙannensa tsawa kada su ɗaga shi, ta sa a kawo katako. Katakon bencina aka zare aka shimfiɗa shi a kai, aka sa shi a motar Tumbi. Ta shiga tare da su, shatin igiya ja a wuyanta.

Wani ya raɗa wa Dogo cewa ya gudu tun kafin 'yan sanda su zo. Dogo ya dubi titi. Na kama wuyan hannunsa da duk ƙarfin da ya rage mini. In ya gudu, ƙannen nan za su neme shi, kuma na san abin da za su yi in sun same shi a lungu.

"Zauna," na ce, da bakin da ba ya fita sosai.

"Baba, haƙoranka."

"Zauna, na ce."

Ya zauna a ƙasa cikin ruwan, ya sa kai tsakanin gwiwoyi, yana kuka kamar ranar da aka fara kai shi makaranta. Ina riƙe da shi har motar 'yan sanda ta iso. Ni na miƙa shi.

Uwarsu ba ta yi mini magana ba tun ranar. Ta ce da na bar shi ya tafi, da yanzu yana wurin 'yan'uwanta. Wataƙila gaskiyarta ne. Ciyaman ya rufe zauren wayar, babu wanda ya fita gudu. Kofin yana wurin 'yan sanda cikin leda.

Kullum ina kai wa Dogo abinci da safe, daga nan in wuce asibiti. Ba na shiga ɗakin, a baranda nake tsayawa. Matar Mai Kemis tana zaune a kan benci da cikinta, ƙafafunta a kumbure. Jiya ta ɗago ta gan ni, na gaishe ta, ta amsa a hankali. Ta ce ita ko sanin an yi gudu da lambarta ba ta yi ba sai da mutane suka fara kiran ta suna barka.

Ɗan sandan da ke riƙe da maganar ya ce ba za su rubuta laifin da za a kai Dogo kotu da shi ba sai sun ji daga likita, domin rauni daban, kisa daban. Na tambayi likitan, na sa Auta ma ta tambaya da irin yarensu. Amsar ɗaya ce. Mai Kemis yana numfashi, bai buɗe ido ba, kuma har yanzu ba a san ko zai farka ba.