Rami a Ƙarƙashin Tagar Tata

Rigimar tarampolin ta daɗe tana ci a gidan Sakhumzi, a unguwar Amalinda ta garin East London, a Afirka ta Kudu. Tun ranar da 'ya'yansa, Liyema da ƙanwarta Anathi, suka je gidan wata ƙawarsu suka ga wannan shimfiɗar roba mai sifirin da yara ke tsalle a kai, ba su sake barin kowa ya sarara ba. Sakhumzi kuwa irin mazan nan ne da in suka ga abu a gidan wani, sai ya fi shiga ransu a kan yaran.

Bulelwa matarsa ta ce ba da ita ba.

"Baban Liyema, ni za a bari da karyayyen hannu. Kana ofis kana kurɓar shayi, ni ina layin asibiti. Ga iskar garin nan. Tarampolin ta gidan ƙawata Pumla ba a kan rufin maƙwabci aka tsinto ta ba?"

"Ai shi ya sa za a binne tamu," in ji shi. "Rami ake haƙawa a zaunar da ita daidai da ƙasa. Yaro ya faɗo, a kan ciyawa zai faɗo. Iska kuwa sai dai ta gaji ta wuce."

"Kai dai ka ce tsallen kake so, ka fake da yara. Da wannan tumbin naka!"

Ya yi dariya, ita ma ta yi, daga nan ta san an ci ta da yaƙi.

Bayan gidan tsukuku ne, mai zagaye ba za ta shiga ba, sai doguwa mai kusurwa huɗu. Wuri ɗaya ne kuma ƙasar ta kwanta sosai, ƙarƙashin tagar ɗakin baya. A ɗakin nan mahaifin Sakhumzi yake, tsoho Mlungisi, wanda kowa ke kira Tata, wato baba a yarensu. An kawo shi daga ƙauyensu na Tsolo bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Yini yake a kujera bakin taga, bargo a gwiwa, maganarsa tana fita da kyar. Ba wanda zai ce Sakhumzi ya yasar da ubansa. Magani ba ya yankewa, ga rediyo, ga hita saboda sanyi. Kullum da safe yakan leƙa daga bakin ƙofa, makullin mota a hannu, ya ce, "Tata, an tashi lafiya?" Kafin tsohon ya gama haɗa amsa, mota ta fita daga gida.

Ranar Asabar da sassafe ma'aikata biyu suka zo da diga da shebur. Suka ja igiya, suka kafa turaku, Sakhumzi na tsaye a kansu da kofin shayi yana nuna tsawo da faɗi. Kafin rana ta take sun tara jar ƙasa a gefe guda sun tafi. Sai kamfanin da ke sayar da tarampolin ya bugo ya ce kayan ba su iso ba, a ƙara haƙuri. Rami ya zauna da baki buɗe. Yara suka samu abin yi, su dira ciki su fito, wani lokaci su kwanta a ƙasansa su miƙe, suna ƙyalƙyala dariya.

A makon nan Tata ya rage cin abinci. Tuwon masara da nonon da yake shanyewa tas, sai ya taɓa ya ture. Ya ce a kira masa mai aski. Ya ce wa Bulelwa ta goge masa baƙar kwat da jar falmaran, kayan ƙungiyar mazan cocinsu. Ya kira Liyema ya ba ta rediyonsa, ya ce ta riƙe. Bulelwa ta ga duk wannan, amma a al'adarsu matar ɗa ba ta tsare surukinta da tambaya. Ranar Lahadi da suka dawo daga coci ta tare mijinta a kicin.

"Ka shiga wajen Tata."

"Na gaishe shi da safe."

"Shiga na ce, Baban Liyema, ba leƙe ba. Ajiye makullin nan."

Ya shiga. Tsohon na zaune cikin kwat da falmaran, an aske shi tas, takalmi a ƙafa har da wadda ba ta motsi. Sakhumzi ya rasa wurin zama, don bai taɓa lura babu kujera ta biyu a ɗakin ba. Ya zauna a bakin gado.

"Tata, wannan kwalliya fa? Ko baƙi za mu yi?"

"Na gode, ɗana," in ji tsohon, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Dama ina jira ka shigo ka faɗa mini da bakinka."

"In faɗa maka me, Tata?"

Tsohon ya ɗaga lafiyayyen hannunsa ya nuna taga.

"Na ji ka kana ce wa uwar yara za a binne. Sai ga masu haƙa da asuba. Ban yi fushi ba. Na so a kwantar da ni a gida, bakin turken shanu, inda aka sa ubana. Amma hanya da nisa, kai kuma aiki ya yi maka yawa. Nan ma gidanka ne, ba cikin baƙi ba." Ya tsaya ya goge yawun da ya zubo masa. "A Tsolo ba a haƙa wa mutum yana numfashi. Na ce ƙila haka ake yi a birni, saboda kowa na sauri. Likita ne ya faɗa maka abin da ba a faɗa mini ba?"

Sakhumzi ya juya ya dubi tagar. Shi da ya tashi a ƙauyen da kowane gida ke da kaburburansa a bakin turke, shi da ya riƙe shebur tare da samari a jana'iza ba sau ɗaya ba, sai yanzu, daga inda ubansa ke zama, ya ga abin da ya sa aka haƙa. Dogon rami, kusurwa huɗu, jar ƙasa a gefe. Kunya ta rufe shi har ya ji kunnuwansa sun yi zafi.

"Abu biyu kawai zan roƙa," tsohon ya ci gaba. "Ya yi faɗi, kuma bai yi zurfi ba, karnuka za su dame ni. Sannan a hana yaran kwanciya a ciki. Ba kyau."

"Tata!" in ji Sakhumzi. "Na wasa ne. Abin wasan yara za a sa a ciki. Tarampolin. Wata shimfiɗa ce, suna hawa suna tsalle."

"Tsalle?"

"Tsalle, Tata."

"A haƙa rami don yara su yi tsalle?"

Sakhumzi ya gyaɗa kai. 

 Sai tsohon ya dubi falmaran ɗinsa, ya dubi takalman, ya fara laluben maɓalli da hannu ɗaya, yana ƙoƙarin ɓallewa.

"Ka yi haƙuri, ɗana. Ƙauyanci ne. Kada ka faɗa wa uwar yara, ta sha wahalar guga."

Wannan haƙurin ne ya ƙarasa Sakhumzi. Da tsohon ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ya zame daga gadon ya durƙusa, ya kama maɓallan yana ɓalle masa, idonsa a ƙasa.

"Gobe za a cike shi, Tata. Da hannuna zan cike."

"A'a. Ka sa musu abinsu. Me suka yi?" Ya bar shi ya zare masa kwat ɗin. Daga waje ana jiyo Anathi tana kiran yayarta ta zo ta ga yadda take dira. Tsohon ya saurara, sannan ya ce, "To in ba nan ba ne, ina ne?"

"Gida, Tata. Tsolo. Bakin turke, kusa da kaka. Ni zan kai ka."

Tsohon ya dube shi, ido cikin ido, abin da suka daɗe ba su yi ba.

"Ka san hanyar kuwa har yanzu?"

Ba gatse ba ne. Tambaya yake yi tsakani da Allah, yana jiran amsa, don ya san ko zai fara yi masa kwatance tun bakinsa na iya magana.