Wayar Alhaji Arzika

"Jiya da rana na yi magana da shi," in ji matar cikin Turancin buroka, tana turo wa Yunus wayarta har bakin hanci. "Wannan tsohon. Shi ya ce in zo yau in ɗauki ragona."

A kara suke, kasuwar dabbobi. Yunus ya saki igiyar akuyar da ke hannunsa, ya duba wayar. Shafinsu ne na intanet, wanda suka buɗe shekara uku da suka wuce don masu sayen dabbobi a Fatakwal. Ga mahaifinsa nan, Alhaji Arzika, ya dafa wuyan wani ƙaton balami yana murmushi.

"Madam, wata goma sha huɗu ke nan da muka binne shi."

"To, gawarsa ce ta karɓi kuɗina?"

Sunanta Madam Ibiso, ranar Asabar za ta aurar da 'yarta. Ta ɗaga murya har 'yan dako suka fara tsallakowa daga tashar Rumuokoro. Baba Gwadabe, tsohon mahauci kuma aminin marigayin, ya ratso su yana goge hannu a riga.

"Kai Yunus, wace lamba ce a jikin abin nan naku?"

Ta mahaifinsa ce. Alhaji bai yarda a rubuta farashi a shafin ba, ya ce ba a faɗin kuɗin dabba a bainar jama'a, mai so ya kira a yi ciniki. Bayan rasuwar, sau uku Abdulfatah, wanda ya haɗa musu shafin, yana cewa a canza lambar. Sau uku Yunus yana cewa sai wani satin. Layin yana cikin aljihun tebur a gida, bai taɓa kunna shi ba. Da ciniki ya ja baya, sai ya ɗora laifin a kan tsadar rayuwa.

"Kira mu ji," in ji Baba Gwadabe.

Yunus ya lalubo lambar mahaifinsa, inda aka rubuta "Baba" a wayarsa, ya danna, ya buɗe murya. Ya ɗauka zai ji a kashe. Sai ta fara ringi. Sau ɗaya. Sau biyu.

"Salamu alaikum, ɗana. Alhaji Arzika ne. Rago kake so ko sa?"

Yunus ya dafa shinge. Muryar ba ita ba ce, ta fi kauri. Amma kalaman na Alhaji ne, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya ce "sa". Haka yake faɗa a bidiyon da ke shafin.

"Kana... kana ina yanzu?"

"Ina Arewa sayo kaya, ɗana. Turo rabin kuɗi, yarana suna nan kara za su ba ka."

Baba Gwadabe ya fizge wayar ya kashe. "Innalillahi. Ba fatalwa ba ce, ɓarawo ne. Layi in ya daɗe a rufe, sai a sayar wa wani. Nuna mata hanyar ofishin 'yan sanda, kai ba ka ci nata ba."

"Ni da Alhaji Arzika na yi ciniki," in ji Madam Ibiso. "Kowa ya ce min ba ya cuta. Shi ya sa ban nemi ganin komai ba."

Yunus ya kalli jama'ar da suka taru. Shekara talatin mahaifinsa ya yi a wannan fili, ba a taɓa ɗaga masa murya ba. Ya shiga garke, ya wuce ƙananan, ya kwance mafi girman ragon da ya rage masa.

"Ka haukace?" in ji Baba Gwadabe. "Jarinka ke nan!"

"Da sunansa aka karɓa, Baba."

Ana tura ragon cikin but ɗin tasi Madam Ibiso ta juyo, muryarta ta yi sanyi. "Ka shirya fa. A zauren matan cocinmu aka turo shafin. Ni na san mutum biyu da suka biya."

Yunus bai tsaya sallar azahar a kara ba. Ya tari keke zuwa shagon Abdulfatah, ya tsaya masa a kai.

"Yau dai satin ya zo?" in ji Abdulfatah. Da ya ga fuskarsa, sai ya jawo kwamfuta bai ƙara ba.

Suka sa lambar Yunus. Suka rubuta farashin kowace dabba. Suka sa gargaɗi da jan rubutu a sama.

"Bidiyon fa? Da hoton?" in ji Abdulfatah.

Yunus ya daɗe yana kallon hannun da ke wuyan balamin. "Cire."

Daƙiƙa biyu, wurin ya zama fari fat.

Ya fito bakin titi, rana na dukan kwanon shaguna, motocin Rumuokoro sun cushe suna ta oda. Wayarsa ta motsa a aljihu. Mutumin ne, yana bin cinikin da ya katse ɗazu. Yunus ya san haka sarai.

A fuskar wayar an rubuta: Baba.

Bai ɗaga ba, bai kuma katse ba. Ya riƙe ta da hannu biyu a tsakiyar hanya, masu wucewa na bangazarsa, yana kallon sunan har ta gama ringinta.